Jaura a Kan Sabuwar Ciyawa: Rubutun Aikin Gonar Madara a Tsaunukan Jura

Asabar, 6 ga Afrilu, 2024

Aikin da aka damƙa mini a gonar nan shi ne farfaɗo da filin ciyawar da ke cikin kwari, wanda ɓerayen ƙasa suka yi wa kaca-kaca, har a samu a yanki ingirici a cikinsa kafin Yuni ya fita. Koyon kiwon shanun madara ne ya kawo ni. Gonar ta iyali ce, a yankin Doubs da ke gabashin Faransa, bisa tsaunukan Jura, kusa da garin Pontarlier da iyakar Suwizalan. Masu ita mutum uku ne: Maigida, da Uwargida, da mahaifin Maigida, dattijon da ya miƙa wa ɗansa ragamar gona amma har yau da shi ake kowace shawara. Ni Baba nake ce masa. Shanun tatsa arba'in da 'yan kai ne, dukkansu Montbéliarde, ja da fari masu farin kai, ban da karsana da maruƙa.

Wanda bai san inda madarar ke zuwa ba zai ɗauka fili ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne. Madarar nan ba ta zuwa kanti a kwalba. Cukun Comté ake yi da ita, cukun da doka ke kare sunansa tun 1958, kuma dokar ta shiga har cikin kwanon saniya. An hana ba ta ciyawar da aka danne a rami ko a leda ta yi tsami, wadda yawancin manoman Turai suka dogara da ita. Abincin buhu an ƙayyade shi, kada ya wuce kilo 1,800 ga kowace saniya a shekara. Kowace saniya kuma, bisa dokar da ke aiki a farkon 2024, sai an tanadar mata aƙalla hekta guda na ciyawa. Ke nan abu biyu ne ke riƙe da gidan: ɗanyar ciyawa idan ƙasa ta buɗe, da ingirici a watannin da dusar ƙanƙara ta rufe ta. In fili ya ƙi, sito ya ragu. In sito ya ragu, ko a sayi ingirici da tsada ko a rage garke.

Ɓerayen kuwa tsohuwar annoba ce a yankin. A ƙarƙashin ƙasa suke zama, saiwa suke ci, kuma duk shekara biyar zuwa shida sukan yi ambaliya har su kai ɗaruruwa a hekta ɗaya. Da dusar ƙanƙara ta janye a filin kwari, abin da muka tarar tsibin ƙasa ne a jere, ba inda za ka taka ba ka nutsa ba. Ka kama tushen ciyawa ka ja, ya biyo hannunka ba gardama, don ba saiwa a ƙasansa. Asarar ba ta tsaya a ciyawa ba: ƙasar da suka turo sama tana shiga cikin ingirici lokacin yanka, ƙwayoyin cutar da ke cikinta su bi ta wurin saniya su kai ga madara, bayan watanni cuku ya kumbura ya tsage a ɗakin ajiya.

A makon nan mun bi filin da haro, ƙarfe mai haƙora da ake ja a bisa ƙasa, mun baje tsibin. Yau muka watsa iri: avoine, wani hatsi dangin alkama mai saurin tashi, da ciyawar ray-grass, da trèfle, ciyawa mai ganye uku dangin wake wadda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, ke kuma ƙara wa saniya nono. Bayan watsi muka bi da ƙaton gangan ƙarfe muka danne. Rana ta yi zafi har muka tuɓe rigunan sanyi, sama kuma ta yi ja-ja-ja da ƙurar Sahara da iska ta kwaso ta tsallako teku da ita. Na shafa gilashin tarakta, hannuna ya fito da ƙasar gida.

Baba bai so aka shuka yau ba. Ya ce zafin farkon Afrilu a kan tudun nan ba abin amincewa ba ne, kwarin kuma shi ne wurin da sanyi ke kwana. Maigida ya ce in an jira Mayu, miyagun ciyayi za su riga mu cika gurabun da ɓeraye suka bari. Dukansu biyu suna da hujja. Na kafa ma'aunin sanyi biyu, ɗaya a bangon sito, ɗaya a gindin kwari daidai kan ciyawa.

Litinin, 8 ga Afrilu

Filin kwari aikin tsakar rana ne. Safiya da yamma na tatsa ne, kuma ba ranar da ake ɗagawa, ko Lahadi ko biki. Dokar Comté ta ce sau biyu a yini, safe da yamma, ta kuma hana injin nan mai tatsa da kansa ba mutum a kusa.

Da yake azumi ake, ina sahur ina sallar asuba sai in wuce ɗakin shanu. Ana fara tura musu ingiricin da ya rage a bakin sakarkari, sannan a koro su zuwa ɗakin tatsa. Mai tatsa a cikin rami yake tsaye, hantsar saniya daidai ƙirjinsa. Uwargida ce ta koya mini tsarin, kuma ba ta yarda a tsallake mataki ko ɗaya. Za ka goge kan nono da zaren katako busasshe, ba da ruwan magani ba, don masu cuku suna son ƙwayoyin halitta masu amfani da ke jikin fatar su shiga madara. Ɗanya ake yin cukun da ita, ba a dafawa. Sai ka tsirto sau biyu ko uku daga kowane nono a cikin baƙin kofi ka duba. In ka ga gudaji ko ruwa-ruwa, ciwon hantsa ne ke tafe. Saniyar da ke kan allura ana ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafa, a tatse ta daban a ƙarshe, madararta ba ta shiga tanki. Daga nan sai ka maƙala kofunan injin, ka saurari bugunsa. Idan kunne ya saba, tun daga nesa za ka ji wanda ke shaƙar iska.

Tankin gidan digiri 12 yake riƙe madara, ba a sanyaya ta sosai kamar ta sha. Mota na zuwa kullum ta kai ta gidan cuku na ƙauye, wanda manoman da kansu suka mallaka a ƙungiyance. Irin waɗannan gidaje sun kai 140 a yankin, kowanne daga gonakin da ke cikin da'irar kilomita 25 kawai yake karɓa, kuma dole a sarrafa madarar cikin awa 24. Lita 400 ke ba da cuku guda mai nauyin kilo 40, shi kuma ba ya fita kasuwa sai ya yi aƙalla kwana 120 a kan katako. Duk wahalar yininmu, cuku biyu ne da ɗan ƙari.

Bayan tatsa sai wanke inji, shayar da maruƙa, kwashe kashi, shimfiɗa sabon karan alkama a makwanci. Jiya da dare wata karsana ta yi haihuwar fari. Uwargida ta tatsi dakashi ta ɗura wa maraƙin tun jikinsa bai bushe ba, don awannin farko ne hanjinsa ke iya karɓar kariyar da ke ciki.

Laraba, 10 ga Afrilu

Ƙaramar Sallah. Maigida ya ce in gama ta safe in tafi, shi zai riƙe maruƙa. Na yi idi a Pontarlier, a masallacin da ke ɗauke da sunan Philippe Grenier, likitan garin da ya musulunta, aka kuma zaɓe shi ɗan majalisa a 1896, musulmi na farko a majalisar dokokin Faransa. Na dawo kafin tatsar yamma.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Shanu sun fita ciyawa. Manoman nan ba kalanda suke dubawa ba, lissafi suke yi: daga 1 ga Fabrairu ana tara matsakaicin zafin kowace rana, idan jimilla ta kai digiri 300 to ciyawa ta isa a fara kiwo. Bana Fabrairu bai yi sanyin da aka saba ba, lissafin ya cika da wuri, kuma kwana biyun nan zafi ake kamar Yuni.

Duk wanda ya ga saniya mai nauyin kilo ɗari shida da wani abu tana tsalle tana harbin iska bayan wata biyar a ɗaki zai san dabba ma tana da farin ciki. An ɗaura wa manyan ƙararrawa, tudu ya cika da amo. Amma awa uku kawai muka bar su, kuma sai da suka cika ciki da ingirici kafin a buɗe ƙofa. Tumbin saniya yana buƙatar mako biyu zuwa uku kafin ya saba da sabon abinci. Ɗanyen toho ruwa ne da yawa, sinadarin magnesiyam kaɗan ne a cikinsa, in aka haɗa da sanyi sai ka ga saniya mai yawan nono tana karkarwa ta faɗi. Don haka an ƙara musu shi a cikin gishirin lasa tun makon jiya.

A filin kwari avoine ya tsiro, ya yi layi-layi kore. In ka durƙusa za ka ga trèfle ma ya fito da ganyensa biyu na farko, ƙanana ƙwarai. Itacen tuffa da ke bayan gida ya fara fure. Uwargida ta riga ta binne dankali a lambu, har ya ɗago kai a gefen da ke kallon kudu.

Wani maƙwabci ya zo neman sayen ingiricin da ya rage mana a sito, da farashi mai kyau. Maigida ya so ya sayar, don akwai kuɗin gyaran tarakta a gabansa. Baba ya ce masa, "Ɗana, bari Mayu ya raba tsakiya tukuna." Maganar ta tsaya a nan.

Laraba, 17 ga Afrilu

Iska ta juya arewa tun jiya. Yau da safe dusar ƙanƙara ce a kan ciyawar da shanu suka ci ranar Lahadi. Mun mayar da na tatsa ɗaki gaba ɗaya. Sun yini suna kuka a bakin ƙofa, don wadda ta ɗanɗana ɗanye ba ta son komawa busasshe. Karsana kawai aka bari a filin tudu, inda akwai rumfa da bakin daji, ana kai musu ingirici.

Baba ya ce dusar ba ita ce abin tsoro ba, bargo ce ga tsiro. Abin tsoro shi ne daren da za ta narke, gajimare ya watse, iska ta kwanta.

Talata, 23 ga Afrilu

Daren da Baba ya faɗa ya zo, har sau biyu a jere. Jiya da magariba sama ta washe tas, ko ganye ba ya motsi. Da asuba na fito, ciyawar tsakar gida tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Ma'aunin bangon sito ya nuna digiri 3 ƙasa da sifiri. Na sauka kwari da tocila, na can ya nuna 7 ƙasa da sifiri. Tsakaninsu tafiyar minti biyar ce.

Yadda abin ke faruwa shi ne, da rana ƙasa tana shan zafi, da dare ta sake shi. In akwai gajimare sai ya mayar mata da wani abu daga ciki. In babu, zafin ya tafi sama ke nan, iskar da ke manne da ƙasa ta fi ta sama sanyi. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangara ta taru a duk inda ƙasa ta yi kwari, in kuma ba wata iskar da za ta motsa ta, nan za ta kwana tana ƙara tsanani har gab da fitowar rana. Shi ya sa ma'aunin da masu hasashen yanayi ke sawa sama da ƙasa ba ya faɗa wa manomi abin da tsironsa ke ji. Mutanen yankin sun san wannan sarai: ƙauyen Mouthe, da ke cikin irin wannan kwari kudu da Pontarlier, a can ne aka auna digiri 36.7 ƙasa da sifiri a Janairun 1968, har ake ce masa wuri mafi sanyi a Faransa.

Aikin safe ya ninka. Bututun ruwan maruƙa ya daskare, sai da tafasasshen ruwa a buta. Kwamin karsana a tudu ya yi ɓawon ƙanƙara, na fasa da guduma na kwashe da hannu. Ƙananan maruƙa biyu mun sa musu riga mun ƙara musu kara har ƙafafunsu suka ɓace a ciki. A ɗakin tatsa yatsu ba sa jin kofin inji sai ka ɗora tafin hannu a jikin hantsa ka ɗan ɗumama. Bayan tatsa Uwargida ta sa muka shafa wa kowace man shafawa a kan nono, don jiƙaƙƙen nono a irin wannan sanyi tsagewa yake yi, tsagaggen nono kuma ƙofar ciwon hantsa ce.

Labarin da ke zuwa daga gangaren Arbois da Poligny, garuruwan masu noman inabi a gindin tsaunukan Jura, ba daɗi. Masu gonakin inabi sun kwana suna kunna manyan kyandirori a tsakanin layuka, amma zafin farkon wata ya riga ya sa inabin ya yi toho, jaura ta same shi a buɗe. Haka ta faru a Afrilun 2021, lokacin da gwamnati ta yi alkawarin tallafin Yuro biliyan guda ga manoman ƙasar. Mai inabi amfaninsa na shekara ne ke tafiya a dare ɗaya. Mu masu ciyawa muna da damar sake toho, amma shanu ba sa jiran toho, yau za su ci.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Sai bayan kwana biyu ɓarnar jaura ke nuna kanta sosai. Na bi filin kwari taki-taki, daga sama zuwa ƙasa.

A gangaren sama, tsohuwar ciyawar da ɓeraye suka bari bakin ganyenta ne kawai ya ƙone ya yi fari. Avoine ma haka, ya yi laushi amma zuciyarsa kore ce. Waɗannan idon tohonsu a gindi yake, daidai ƙasa ko a ƙarƙashinta, in ganye ya mutu wani zai fito. Trèfle kuwa da ke matakin ganye biyu, idonsa a sama yake, a fili. Na tsuguna na taɓa ɗaya: ganyen sun yi baƙi sun manne da ƙasa, ɗan karan ya zama zare, na murza shi ya narke a yatsa. Sabon tsiro cike yake da ruwa, ruwan ya daskare ya farfasa shi daga ciki, da rana ta fito sai ya zube. Wanda ya kai ga fitar da ganyensa na uku ya fi jurewa, amma kaɗan ne suka kai. A gindin kwari, kusan kashi ɗaya cikin uku na filin, trèfle ya tafi gaba ɗaya, ray-grass ma ya yi gibi-gibi. Iyakar ɓarnar a bayyane take a jikin gangaren, har kana iya bin ta da ƙafa, na kuwa bi ta na kafa turaku don mu san inda za a sake shuka.

Dankalin Uwargida ya yi baƙi kamar dafaffiyar rama. Ta ce zai sake fitowa daga ƙasa, sai dai ya makara. Furen tuffa na buɗe guda biyar da farce, huɗu cikinsu ya yi baƙi. Digiri 2 ƙasa da sifiri ya isa ya kashe buɗaɗɗen fure.

Ba wanda ya ce wa kowa "ai na faɗa maka". Baba ya sauko da sandarsa ya duba turakun, ya ce in matsa da biyu daga ciki sama kaɗan, don a nan ma sanyi kan tsaya.

A ganina ba sanyin ne ya yi ɓarnar ba, zafin da ya riga shi ne. Digiri 7 ƙasa da sifiri a ƙarshen Afrilu ba sabon abu ba ne a tudun nan. Sabon abu shi ne ya tarar da komai ya riga ya farka: ciyawa, fure, inabi, har da mu da muka fitar da iri da shanu. In hunturu ya ci gaba da yin sassauci irin na bana, wannan haɗuwar za ta riƙa maimaituwa, kuma lissafin digiri 300 shi kaɗai ba zai isa a yanke shawara da shi ba a gonar da ke da kwari.

Asabar, 27 ga Afrilu

Sanyi ya cinye batirin wayar shinge a filin tudu, wata karsana ta tsallaka da sassafe ta shiga tsohon filin trèfle tun raɓa na daskare a kansa. Da na je kai ingirici na same ta tsaye ita kaɗai, ta bar tuƙa, ta ware ƙafafu, kwiɓinta na hagu ya taso ya wuce ƙashin baya. Na buga da yatsa, ya amsa da ƙarfi. Na kira Maigida. Ya zo da kwalbar man girki, ya ce, "Riƙe mata kai sama, kar ka sake." Na sa yatsu a hancinta na ɗaga, ya zura kwalbar ta gefen baki ya ɗura a hankali don kada ta shaƙe. Trèfle mai sanyi kumfa yake yi a tumbi, kumfar ta toshe hanyar gyatsa, mai kuma shi ke fasa ta. Muka yi ta zagayawa da ita, kanta na kallon tudu. Can sai ga gyatsa mai tsawo, sai wata, kwiɓin ya fara sauka. Da ba ta sauka ba, sai likitan dabbobi ya huda. Mun canja batirin, kuma daga yau ba dabbar da za ta taka ciyawa sai raɓa ta bushe.

Da dare na kira Babanmu a gida Dakoro ta Nijar na ba shi labari. Ya ce, "Kai yaro, ai ko a nan saniyar da ta faɗa gyauron dawa da yunwa ba ta kai yamma." Su can zafi ne ya addabe su, a farkon watan nan an auna digiri 48.5 a Kayes ta Mali. Ya tambaye ni abu ɗaya: nawa ya rage a sito. Shi ma abin da yake lissafi ke nan, harawar da ya ɗora a kan rumfa tun kaka, ko za ta kai shi faɗuwar ruwa.

Alhamis, 2 ga Mayu

Shanun tatsa sun koma ciyawa, amma sai da aka sake sabon tsari daga farko, awa kaɗan a yini. Ciyawa ta tsaya cak kusan mako biyu ba ta ƙaru ba. A wannan tsakani garken na cin kusan tan guda na ingirici kullum, kuma duk daga cikin wanda aka so sayarwa ranar 14 ga Afrilu ne. Maƙwabcin da ya zo nema a lokacin yanzu daga wata jiha ake kawo masa a tirela. Madara ta ɗan ragu a tanki a kwanakin komawa ɗaki, yanzu tana hawa.

Talata, 14 ga Mayu

Tsofaffin ƙasar nan suna da ranaku uku, 11 da 12 da 13 ga Mayu, da suke kira waliyyan ƙanƙara: Mamert, Pancrace da Servais. Al'adarsu ba a fitar da shuka mai tsoron sanyi sai sun wuce. Bana sun wuce lafiya. Baba ya ce a kan tudu ma sai a ƙara mako, amma hasashe ya nuna gajimare da ruwa, don haka jiya muka sake watsa trèfle da ray-grass a cikin turakun, da hannu, don tarakta zai tattake avoine da ya riga ya kai tsawon taƙi.

Ɓerayen ba su ƙare ba. Sabbin tsibi sun fito a gefen shinge. Gubar bromadiolone da aka daɗe ana zubawa an hana ta, don tana kashe shirwa da yanyawa da ke cin ɓeran, wato tana kashe masu taimakon manomi. Yanzu tarko nake sawa: ka soka sandar ƙarfe har ka ji ta faɗa rami, ka yanke ƙasa daidai faɗin tarkon, ka zura shi ka toshe gefe don haske kada ya shiga. Ina dubawa bayan tatsar safe da kafin ta yamma. Mun kuma kafa dogayen sanduna masu gicciye a tsakiyar fili don shaho da shirwa su samu wurin sauka. Tun rana ta biyu suka fara amfani da su.

Juma'a, 31 ga Mayu

Ruwa, ruwa, ruwa. Iri na biyu ya tsiro da kyau, trèfle ya wuce matakin haɗari. Amma burtali ya zama taɓo, shanu na shigowa ɗakin tatsa da laka har hantsa, gogewa kaɗai tana cin rabin awa fiye da da. Biyu sun fara ɗingishi, an gyara musu kofato. Filayen da ke riƙe ruwa mun rufe su don kada kofato ya lalata abin da ɓera ya bari. Ciyawar yanka ta isa, ba ranar yanka.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. Tatsa, idi, tatsa. Har yanzu ba a samu kwana uku a jere ba ruwa ba. Ciyawa ta fitar da kai ta fara tsufa, kowace rana da ta wuce tana rage mata amfani.

Laraba, 26 ga Yuni

An yanke filin kwari ranar Litinin, da zarar hasashe ya ba da kwana uku na rana. Maigida ya ɗaga wuƙar inji sama da yadda aka saba don kada ta kwaso ƙasar tsibi, kuma don ƙananan trèfle su tsira a ƙarƙashi. Jiya na bi da injin barbaza sau biyu. Yau muka tara layi muka kwaso, ba a dunƙule ba, a warwatse. Gidan nan a cikin sito ake ƙarasa busarwa: ana zuba ciyawar a kan shimfiɗar katako mai ramuka, ƙatuwar fanka ta riƙa hura iskar da ta ɗumama a ƙarƙashin rufin kwano ta ratsa ta daga ƙasa. Wannan ne ya sa kwana biyu na rana ke isar mu, inda mai dunƙulewa ke buƙatar huɗu. Aikina a daren nan da kwanaki masu zuwa shi ne in hau kan tarin in zura hannu da ma'auni a wurare daban-daban. Ciyawar da ta shiga da danshi tana ɗumama da kanta, in aka yi sake har gobara takan tayar.

Gangaren sama ya ba da abin da ake fata, avoine ya cike gurabun ɓeraye. Gindin kwari bai kai rabin haka ba, amma ƙasarsa a rufe take da kore, ba da miyagun ciyayi ba. Baba ya damƙi ingiricin ya sunsuna, ya karya kara ɗaya, ya ce ya tsufa, na karsana ne da shanun da ba a tatsa. Na masu nono sai yanka na biyu a watan Agusta, wanda trèfle zai fi yawa a ciki.

Mun zauna mu huɗu bayan tatsar yamma mun tsayar da abin da za a yi. Gobe za a zuba ruwan taki kaɗan a filin in ƙasa ta ɗauki tarakta. Tarko zai ci gaba har kaka. Ma'aunin gindin kwari zai zauna a wurinsa, Uwargida za ta riƙa rubuta abin da ya nuna daga Maris zuwa ƙarshen Mayu. Duk wani gyaran shuka a cikin turakun, daga yanzu ko a ƙarshen Agusta za a yi shi ko bayan tsakiyar Mayu. Saura filaye huɗu ba a yanka ba, kuma an ce hadari na tafe kafin ƙarshen mako, don haka gobe Maigida zai fita da injin yanka tun kafin a gama tatsar safe, ni da Uwargida mu riƙe ramin.